Turmin Umma a Bayan Tirela

Ranar Juma'a takwas ga watan Agusta, 2008, lokacin da ƙasar Sin gaba ɗaya ta ƙagu yamma ta yi a buɗe wasannin Olamfik, ni ina tsugune a bayan wata 'yar masana'antar ɗinka wandunan jins a Xintang, kusa da birnin Guangzhou, ina miƙa wa Baba sifana. Yana kwance rigingine a ƙarƙashin wata tsohuwar tirela, babbar rigarsa ta Juma'a a rataye a jikin ƙofa, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ko'ina jajayen tutoci, kowane shago talabijin a kunne, ruwan kwata yana gudu shuɗi saboda rini. Tirelar kuwa ba irin wadda kuka sani mai ɗaukar siminti ba ce, 'yar ƙarama ce mai taya biyu, da ake ɗaura wa mota a baya a ja dilolin kaya. Mai masana'antar ya gaji da ita ya bar wa Baba a arha. Shekarata goma a lokacin, kuma duk tsatsar da ke zubo mana ban damu ba, domin na san abin da ya sa muke wannan wahalar. Umma ta ce za ta koma Kano kafin azumi.

Baba ɗan kasuwar Kwari ne. Jins yake saya a Xintang, kayan mata a kasuwar Shisanhang, ya loda a kwantena ya aika wa 'yan'uwansa. Da ya gaji da zirga-zirga sai ya kwaso mu, ni da Umma da ƙanena Sadiƙu, ya ajiye mu a wani dogon bene a Guangzhou. Mu yara ba mu ɗauki lokaci ba muka saje. Ni makarantar unguwa aka sa ni, kafin shekara ta zagayo na iya Sinanci har ina faɗa da shi. Ina tsalle a igiyar roba da 'yan ajinmu, ina buga ɗan gashin tsuntsun nan da ake cillawa da gefen ƙafa, ina sharar aji ranar da layi ya zo kaina. Na zama bakin gidanmu: ni ce a wajen mai kayan miya, ni ce a wajen mai gyaran famfo, ni ce a asibiti. Baba kalmominsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, "lawban" in zai kira mai shago, "meyo" in abu babu, sauran kuma na'urar lissafi ta ƙarasa masa.

Umma ce ba ta saje ba. Mace ce da ta tashi a gida mai faɗin tsakar gida, mai bishiyar dalbejiya da kaji da maƙwabta masu leƙo kai ta katanga. Da za mu taho, kayan sawarta ta rage don a samu wurin turmin da kakarmu ta ba ta, da taɓarya naɗe cikin zani. Har rigima aka yi a filin jirgi a kan nauyinsa. A makonmu na farko ta jiƙa gero, ta ja turmin tsakiyar falo, ta fara surfe. Ba ta yi nisa ba aka buga ƙofa. Matar da ke zaune a ƙasanmu ce, da mai gadin benen, tana nuna sama tana zuba faɗa, wai fitilar ɗakinta rawa take, jikanta ya firgita. Ni na fassara wa Umma, kuma wallahi har yau ina jin ɗacin wannan aikin. Umma ta ajiye taɓarya. Ta kwashe geron, ta wanke turmin, ta kife shi a lungun baranda, ta rufa masa tsohon mayafi.

Daga nan ta fara yin shiru. Tana dafa abinci, tana wanki, tana yi mini kitso, amma matar da ke cika gida da waƙa da tsokana ta tafi wani wuri. Sai ta wuni a bakin taga tana kallon rufin motoci. Baba ya sayo mata injin markaɗe na lantarki, ta ce ta gode, ta mayar da shi kwalinsa. A farkon hutun makaranta na wannan shekarar, muna cin abinci, ta ce, "Alhaji, ka nema mini tikiti kafin azumi." Aka yanke cewa za ta tafi da Sadiƙu, ni in zauna saboda makaranta, kuma saboda Baba ba shi da baki in ba ni. Ta sauko da babbar jakar ledar nan mai zanen gida-gida, ta fara jera kaya a ciki kaɗan-kaɗan. Kullum na farka sai na duba jakar, in ga ta ƙara kumbura.

Baba mutum ne da in abu ya dame shi ba ya magana, sai ya nemi abin da zai ɗaure da ƙusa. A jikin wani kwali ya ga hoton iyali sun kafa tanti a bakin ruwa suna ta dariya, shi ke nan ya ce ya gano maganin. "Iska take buƙata, Uwata," ya ce da ni, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Haka muka tare a Xintang. Mai walda ya ɗora wa tirelar ƙarafa kamar rumfa. Rufin kuwa, da yake tamfol mai kyau ya yi tsada, Baba ya roƙi ragowar yankan jins da wandunan da ɗinkinsu ya ɓaci, aka harhaɗa su aka shimfiɗa a kan leda mai kauri. Sai ga ɗaki shuɗi mai aljihuna ta ko'ina, ni da Sadiƙu muka yi ta cusa cokula da ashana a ciki. Aka sa labule a tsakiya, aka ɗaure gidan sauro, aka kafa ɗan murhun gas da igiyar roba. Daga shagunan unguwar Tianhe Baba ya kwaso fanka mai batir, da fitila, da kujeru masu naɗewa, da 'yar na'urar gano alƙibla. Motar da za ta ja mu akori-kura ce mai ƙofa huɗu, ta wani Basine da ke ɗaukar wa Baba kaya, muna ce masa Kawu Fan. Shi ya haɗa ƙugiyar da wayar fitilun baya, yana girgiza kai.

Akwai abokin Baba, Malam Isufu, mutumin Maraɗi, da yakan zo sayayya ya sauka kusa da mu. Ranar Juma'ar nan ya zagaya tirelar hannu a baya, ya ce, "Alhaji, wannan ɗaki ne ko wandon wani ƙato?" Kowa ya yi dariya ban da ni. Na dubi fankar da kujerun da fitilar, na san babu ko ɗaya da zai sa Umma ta juyo daga taga. Sai na ce wa Baba a tafi da turmi. Ya leƙo daga ƙarƙashin tirelar, fuska duk baƙin mai, ya ce turmi kuma, a wannan 'yar motar? Na kafe, na ce a can babu mai zama a ƙasanmu. Baba ya dube ni, ya gyaɗa kai. Malam Isufu ya ce yana da geron Maraɗi da ya taho da shi tsaraba, a ba Hajiya. Washegari da safe, Umma tana wanka, ni da Baba muka mirgino turmin zuwa lifta kamar ɓarayi, muka naɗe shi cikin guntun jins.

Wajen lodin ne Baba ya yi dabararsa ta ɗan kasuwa. Katifu da tabarmi da filo ya tura can ciki, masu nauyi kuma, jarkokin ruwa da buhun gawayi da turmin, ya jera su a bakin ƙofar baya don a ji daɗin saukewa. Kawu Fan ya tafi shan mai, bai gani ba. Umma ta shiga mota da mayafinta kamar wadda za a kai asibiti, ta ce wa Baba bai kamata ya wahalar da kansa ba. Muka bar gari, muka hau babban titi zuwa ƙauyukan Zengcheng, Sadiƙu yana ƙirga motoci masu tuta.

A wata gangara abin ya faru. Na ji motar ta ɗan ja gefe, ta dawo, ta sake ja. Na waiga, sai ga ɗakinmu shuɗi yana kaɗa wutsiya hagu da dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya. Wata babbar mota ta danna mana oda. Baba ya hau salati da ƙarfi, Sadiƙu ya ƙwala ihu, Umma ta fizgo mu ta danna kawunanmu a ƙirjinta, ina jin zuciyarta tana bugawa a kunnena. Kawu Fan bai taka birki da ƙarfi ba, ya riƙe sitiyari gam, ya ɗage ƙafa daga totur, motar ta yi ta rage gudu har ya lallaɓa da ita gefen titi. Kai, ban taɓa jin daɗin tsayuwar mota kamar na ranar ba. Muka fito muna ta alhamdu lillahi. Kawu Fan ya buɗe bayan tirelar, ya ga yadda aka yi lodi, ya dafe kai ya shiga zazzaga wa Baba faɗa. Rabi na fassara, rabi na haɗiye saboda girman Baba. Abin da ya rage na faɗan shi ne nauyi a gaban taya ake sa shi, ba a wutsiya ba.

Ana cikin mayar da kaya gaba, guntun jins ɗin ya zame. Umma tana tsaye a gefen titi riƙe da hannun Sadiƙu. Ta dubi abin, ta sake duba, ta ce, "Wannan ba turmina ba ne?" Ta matso ta shafa bakinsa, ta ga bai tsage ba, sannan ta dubi Baba ta ce, "Yanzu saboda wannan kuka kusa kashe mu?" Baba ya nuna ni, ni na nuna shi. Sai kafaɗarta ta fara motsi. Na zaci kuka take, ashe dariya ce, irin wadda take yi har ta dafa gwiwa, da na manta yadda take. Motoci suna wucewa suna kallon baƙar mace tana ƙyaƙyatawa a gaban ɗakin wanduna.

A gonar wasu 'yan'uwan Kawu Fan muka sauka, ƙarƙashin bishiyoyin longan, masu 'ya'ya kamar ƙananan goruba, kusa da wani rafi. Baba yana fama da turakun rumfa da fankarsa da ta ƙi tashi, Umma kuwa ta tuɓe takalmi ta taka ƙasa. Ta ɗaure zani a ƙirji bisa riga, ta yayyafa wa geron ruwa, ta ɗaga taɓarya. Bugun farko agwagin gonar suka watse. Ta yi surfe, na riƙe mata faifai ta yi bakace, muka wanke a rafi, ta koma ta daka da citta da kanumfari. Can na ga ta cilla taɓaryar sama, ta tafa, ta cafe, ta fara lugude. Ƙarar ta jawo tsofaffin matan ƙauyen da hulunansu masu faɗi. Na tsorata, na ce yau ma za a sa ni fassarar faɗa. Sai wata tsohuwa mai lanƙwasasshen baya, da kowa ke ce wa Popo, ta miƙo hannu a ba ta taɓaryar. Ta yi bugu mai kyau, ta ce mini in gaya wa Umma su ma haka suke kirɓa shinkafa suna 'yan mata, kafin inji ya zo. Wannan fassarar da gudu na yi ta. Da la'asar muka dama fura da madarar shago mai tsami, Popo ta sha ta yamutsa fuska saboda yaji, ta miƙo kofi a ƙara.

Washegari da hantsi aka fara haɗa kaya. Baba, da ya ɗauki darasi, ya rungumo turmin zai kai shi can gaban taya. Ni kuma zuciyata ta koma kan jakar da ke jiranmu a gida. Umma tana naɗe tabarma, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Alhaji, bar shi nan wajen tsohuwar. Me za mu yi ta jigilarsa? Ai bayan salla za mu dawo." Baba ya tsaya da turmi a hannu kamar an dasa shi. Na ruga bayan tirela na cusa fuskata a cikin jins ɗin nan mai warin rini, na yi kukan da na daɗe ina riƙewa. Da muka koma gida, a cikin makon, jakar ta saki, kayan suka koma durowa. Daga baya ma a cikinta muka riƙa zuba gidan sauro da filo in za mu tafi gonar.

Mun ƙara shekaru a Guangzhou kafin mu dawo gaba ɗayanmu, mu huɗu, a jirgi ɗaya. Tirelar ta ruɓe a Xintang, turmin kuma Umma ta bar wa Popo. Yanzu Umma tana Kano a gida mai tsakar gida, amma kafaɗa ta hana ta daka, jikoki ke kai mata niƙa inji. Ni ce kuma na ƙare a bene a Abuja, da maƙwabta a ƙasana, da injin markaɗe a kan kantar kicin. Wani lokaci in na bi ta wata unguwa na jiyo daka daga bayan katanga, sai in rage tafiya, mai mota na bayana ya yi ta oda. Ba na gaya wa kowa dalili. Ni dai a kunnena, wannan ƙarar tana nufin Umma ba za ta tafi ba.