Hayaƙin ɗakin suyar mahaifiyata

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, matata tana ɗauke da cikin fari. Muna zaune a gidanmu na gado a Gwammaja tare da mahaifiyata. Ni tela ne, shagona na bakin titi, kuma lokacin aiki ya yi mini yawa saboda 'yan siyasa sai ɗinka manyan riguna suke yi na bukin rantsuwa.

Tun ina yaro nake fama da ciwon fuka. Ban taɓa buga ƙwallo an tashi da ni ba, kullum ni ne mai gadin takalman abokai. A gida an ɗauka haka Allah ya yi ni, ni ma haka na ɗauka.

Sana'ar mahaifiyata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙuryar gida, ba taga sai ƙofa, a nan take suya da itace tun kafin a haife ni. Bangon ya yi baƙi ƙirin. Da na yi aure, matata ta shiga taya ta, ita ke zama gaban kasko tun hantsi har azahar.

Wata rana na raka ta awon ciki. Ina zaune a benci ina ta huci, sai malamar asibitin, wata dattijuwa, ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ƙirjin naka tun yaushe?" Na ce tun haihuwa. Ta tambayi sana'ar gidanmu, na faɗa mata. Ta juya wajen matata ta ce, "Ke ma a ɗakin suyar kike wuni?" Matata ta sunkuyar da kai.

Malamar ta ce, "Ba zan rantse cewa hayaƙi ne ya jawo maka ba. Amma abin da mai ciki ta shaƙa yana isa ga ɗan da ke cikinta, kuma huhun jariri bai gama ƙwari ba ko bayan haihuwa. Abin da ya same shi a wannan lokacin yakan bi shi har girma. Ka fitar da ita daga ɗakin nan."

A hanyar gida matata ta ce, "Don Allah kada ka faɗa wa Inna. Za ta ce ƙyuya nake yi." Na ce ai wannan magana ba ta ɓoyuwa.

Bayan la'asar na durƙusa gaban mahaifiyata na yi mata bayani a hankali. Ta ce, "Wato ni na sa maka ciwon." Na ce, "Inna, ba haka nake nufi ba." Ta ce, "Da wannan kaskon na ciyar da ku bayan rasuwar mahaifinku. Yau shi ne abin gudu?" Ta tashi ta shige ɗaki.

Maganar ta yi mini zafi, amma ban janye ba. Na sayo itacen gini da kwanon rufi, na kafa rumfa a tsakar gida, buɗe ta ko'ina, don a dawo da murhun waje. Hannun da ya saba da allura ne ya riƙe guduma, saboda haka iskar ruwan farko ta kwashe rufin ta kai shi gidan maƙwabta. Sai da abokina kafinta ya zo ya sake kafa ta, yana yi yana yi mini dariya.

Rumfa ta tsaya, mahaifiyata ta ƙi ko kallonta. Matata kuwa kunyar suruka ba za ta bar ta ta zauna tana ganin tsohuwa na aiki ita kaɗai ba, sai ta lallaɓa ta koma ɗakin in na fita. Da na gane haka, na rufe shago da safe, na naɗe hannun riga, na ce wa matata ta fito. Na zauna a gurbinta na karɓi matsami. Mahaifiyata ta ce, "Kai, tashi, wannan ba aikinka ba ne." Na ce, "In dai a nan za a yi suya, ni zan taya ki."

Ban kai azahar ba numfashina ya sarƙe. Abin da na iya tunawa shi ne ana ja na zuwa zaure, da muryar matata tana kiran maƙwabta. A asibiti na kwana.

Da aka sallame ni na dawo, na tarar da duwatsun murhu a ƙarƙashin rumfa, wuta na ci, hayaƙi na tashi sama abinsa. Mahaifiyata da kanta ta kwaso su. Matata na can nesa a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe da Inna, ta amsa ba ta dube ni ba, tana juya ƙuli. Can ta ce, "Kana jariri, in ana sanyi, a gefen murhun nake shimfiɗe ka don ka ji ɗumi. Ban sani ba." Na ce, "Inna, ba wanda ya sani." Ta ce, "To, yanzu an sani."

Da aka haifi 'yata, mahaifiyata ce ta kafa dokar kada a kusanto da ita wajen suya, ko goye a baya. Har maƙwabta masu ciki take kora in sun tsaya hira kusa da kasko.

Yau 'yata ta girma, ita ma uwa ce, kuma ba ta san ciwon ƙirji ba. Lafiya ta Allah ce, ba zan ce rumfa ce ta ba ta ba. Ni dai har yanzu da maganin shaƙa nake yawo a aljihu, kuma na san nawa ciwon ba zai bar ni ba. Abin da na koya shi ne, kula da yaro tun yana ciki ake fara ta, kuma wani lokacin sai ka daure ka ɓata wa wanda ka fi ƙauna rai kafin ka kare wanda ba ka ma ga fuskarsa ba. Allah ya jiƙan Inna. Ta yi fushi da ni na ɗan lokaci, amma ita ta riƙe dokar nan fiye da ni har ƙarshen rayuwarta.