Saiwar da Ba Ta da Ido

A gidanmu na Makera ba a kashe murhu da an sauke tuwo. Iya, mahaifiyar babanmu, ita ke hanawa. Da an idar da sallar isha'i sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta tura guntun itace cikin garwashi, mu kuma mu kewaye ta: ni, da yayata Binta, da 'ya'yan masu haya biyu da ke ɗakunan baya. Yaya Binta ta girme ni da shekara huɗu, kuma a cinyarta nake ɗora kaina. Har yau in na ji ƙamshin man kaɗanya, zaninta nake tunawa.

A gefen rijiya akwai wani tsohon baho da aka huda gindinsa, a ciki Iya ke shuka furenta. Maƙwabciyarmu Mama Saratu ce ta ba ta irin, ta kawo shi daga garinsu can wajen Kagoro, tun tana aiki a masaƙa tare da kakanmu. Ita daliya take ce masa. Iya ta ce bakinta ba zai iya ba, sai ta sa masa Zoɓon Saratu, don launinsa kamar zoɓon da aka dafa ya yi kauri ne, ja har ya koma baƙi. Da hantsi ka gan shi ja, da yamma ka rantse baƙi ne.

Furen nan ya fi jariri son lallashi. Ba ya son ranar azahar, sai ta safe. In ya kai tsawon hannu Iya ta tsinke masa kai don ya yi rassa, ta kafa masa sanda, ta ɗaure shi da tsumman zani. Toka take zagaya masa saboda dodon koɗi. Idan damina ta wuce ganyen ya bushe, sai ta tone saiwar, wadda ke fitowa curi guda kamar dankali, ta shanya a inuwa, ta binne a tukunyar yashi ƙarƙashin gadonta har ruwa ya dawo.

Wani maraice da ta tone saiwar, ta zo da ita bakin wuta tana kakkaɓe ƙasa. Ɗaya daga cikin yaran haya ya ce a gasa mana. Iya ta ɗaga masa muciya.

"Kai, acici! Kakarka ma ba ta isa ba. Ku matso. Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

Muka ce, "Ta shigo da sallama."

Ta ce kurege da bushiya ne suka yi noman rake tare a fadama, aminai ne ƙwarai, abincinsu ma a akushi ɗaya. Da raken ya nuna suka ce a raba iri, kowa ya shuka nasa baɗi. Kurege ya ce, "Ƙawata, ke huta, ni zan yanka." Ya zauna ya yanke gaɓoɓin nan masu ƙulli da ido ya tara a gefensa, ya ware dogayen tsakiya, sumul-sumul, masu zaƙi, ya tura mata. Bushiya ta dubi nata, ta dubi nasa guntaye, har kunya ta kama ta. Ta ce, "Ai ka cuci kanka." Ya ce, "Haba, mene ne a tsakaninmu?" Ta yi ta godiya har ƙasa.

Ta shuka, tana ban ruwa safe da yamma. Gonar kurege ta yi kore shar, tata ko tsinke. Ranar da ta tona ta ga abin da aka ba ta, ba ta yi kuka ba, ba ta je ta yi faɗa ba. Dunƙulewa ta yi ta ɓoye fuskarta, don kunyar godiyar da ta yi.

"Shi ya sa har gobe in kun taɓa ta take dunƙulewa," in ji Iya.

Na ɗago kai daga cinyar Yaya na ce, "To shi kuregen me ya same shi?"

"Ba komai. Ya sha rakensa."

Na ce ban yarda ba, a sake. Yaya Binta ta ja kunnena tana dariya, ta ce, "Ke dai bushiya ce, Hadiza." Iya ta kamo hannuwanmu mu biyu, ta ɗora yatsunmu a wuyan saiwar, inda ta haɗu da tsohon kara. Akwai wani ɗan ƙurji a wurin, bai kai ƙwayar gero ba.

"Kun ji shi? Ido ke nan. Saiwa ko ta kai tulu, in ba wannan, abincin tsutsa ce. Kafin ku yi godiya, ku duba ido."

Shekaru suka tafi. Masaƙa ta rufe, Mama Saratu ta koma Romi wajen ɗanta, ni aka yi mini aure aka kai ni Kakuri. Yaya Binta ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ta yi jinyar Iya wata bakwai. Ni a lokacin ina da tsohon ciki, daga baya jego, zuwa nake in koma. Kwana uku kafin Allah Ya karɓi abinsa, Iya ta nuna ƙarƙashin gado da haɓa, ta ce, "Ku raba. Kada ya mutu a hannunku."

Bayan arba'in na je. Na tarar Yaya ta riga ta yanka, ta ƙulle nawa a leda. Guda uku ne, manya, masu sheƙi. Na hango nata a faranti, ƙanana, duk a yamutse. Wallahi sai da na ce, "Yaya, ai kin cuci kanki." Ta ce, "Ɗauki mana," tana ta gyaran ɗaurin ɗankwalinta. Na yi godiya, na yi ta yi mata addu'a.

Da ruwa ya zauna na shuka su a tukwane uku, da takin shanu da ya ruɓe sosai, na ajiye inda inuwar mangwaro ke rufe su da azahar. Na kafa sanduna tun kafin a ga tsiro. Kullum in na idar da asuba sai na je na duƙa a kansu. Mako uku, mako shida. Baban yara ya fara tsokanata, wai ko sandunan nake jira su yi fure. Na zargi ƙasar, na zargi ruwan famfo, na zargi hannuna, na ce ko Iya ta tafi da fushina ne don ban zauna jinyarta ba. Wannan tunanin ya fi komai cina.

Da na gaji na tone ɗaya, na naɗe a gyale, na hau keke napep zuwa Romi. Mama Saratu ta tsufa, nata irin ya daɗe da mutuwa. Ta sa tabarau, ta juya saiwar, ta shafa wuyan da babban yatsa.

"'Yata, wa ya ba ki wannan?"

"Yaya Binta."

Ta sake juya saiwar. Can ta ce, "Ba hannunki ba ne. Dubi nan, ba karyewa ya yi ba. Wuƙa aka sa, ƙasa da ido. Kuma wanda ya yanka ya san inda idon yake."

Daga can Makera na wuce. Tun daga zaure na hango su, baho biyar a jere gefen rijiya, furanni kamar an zuba garwashin da ya fara mutuwa. Na buɗe gyalen a gaban Yaya Binta. Ba ta musa ba.

"Wata bakwai ina juya Iya a kan gado, Hadiza. Ke kina zuwa da ayaba ki tafi. Shi ke nan sai a raba daidai?"

Na ce, "Da kin ce ba za ki ba ni ba, Yaya, da na haƙura. Amma kika bar ni ina godiya."

Ta ce, "Ai kina wurin ranar da Iya ta ce a duba ido."

Gaskiya ta faɗa, ina wurin, kaina a cinyarta.

Na daɗe ina ɗauka saiwa kaɗai Iya ke nufi. Sai daga baya na tuna cewa ranar da Yaya ta miƙo mini ledar nan, ɗankwali take ta gyarawa, ko sau ɗaya ba ta dube ni ba. Ido biyu aka ba ni in duba, na saiwa da na Yaya, na bar su duka, don ban taɓa zaton akwai ranar da zan binciki abin da ya fito daga hannunta ba. Jinyar da ta yi, Allah Ya ba ta lada, ban kai ta ba kuma ba zan kai ba. Ina roƙon Allah a sujada Ya wanke mini zuciya, amma ba zan yi ƙarya in ce ta wanku ba. Ba ta ce in zo in ɗiba ba, ni kuma bakina ya ƙi roƙo. Tukwanen nan uku albasa na zuba a ciki.

Jiya aka ɗauke wuta, na kunna gawayi, yara suka ce sai na yi musu tatsuniya. Na ba su ta kurege da bushiya. Ƙaramar, wadda nake goyo lokacin jinyar Iya, ta ɗago kai daga cinyar yayarta ta ce, "Umma, to shi kuregen me ya same shi?"

Na ce, "Ba komai."

Na ce su tashi su wanke ƙafa, gobe Juma'a, za mu je Makera gaida Yaya.