Tukunyar Hajja Fatime da Idon Maƙwabciya

Shekara ashirin da biyu Hajja Fatime tana haɗa turaren wuta a unguwar Kolere. Daga Borno iyayenta suka zo Mubi da sana'ar, kuma duk amaryar da za a kai ɗaki a unguwar, da kwalaben Hajja ake kai ta. Ba ta taɓa gaya wa kowa yadda take haɗinta ba.

Maƙwabciyarta Dorathy takan shigo da hantsi da tiren gyaɗa, ta zauna a gindin mangwaro tana ɓarewa, suna hira. Shekara shida a haka, ba ta yi tambaya ko ɗaya a kan tukunya ba. Sai ga shi bara ta fara nata turaren, mata suna yabawa.

Hajja ta aika aka sayo mata kwalba guda a ɓoye. Ta zuba a kasko, ta shaƙa, ta ji ƙamshinta ne sak. Ranar ko abincin rana ba ta ci ba.

"Maman Destiny, wa ya koya miki?" Hajja ta tambayi Dorathy washegari.

"Ke mana, Hajja," in ji Dorathy tana dariya. "Bakinki ne a rufe, hannunki ai a buɗe yake."

Hajja ta yi murmushin dole. Daga nan ta ɓullo da dabara: duk lokacin da Dorathy ke zaune, sai ta zuba madarar turare tukunya na kan wuta, alhali ta san sai itacen turaren da ke cikin tukunyar ya huce ake zubawa, in ba haka ba ƙamshin ya bi hayaƙi. Sau huɗu ta yi asarar haɗi don maƙwabciya ta kwaikwayi kuskure.

Abin da ba ta lura da shi ba, 'yarta Ummusalma, wadda ta zo wankan jego kuma ita ake sa ran za ta gaji sana'ar, tana kallo daga ƙofar ɗaki.

Da ciwon baya ya kwantar da Hajja ana saura kwana biyar bikin wata amarya daga Mayo Bani, Ummusalma ta ce, "Huta, Mama, na ga yadda kike yi." Ta yi daidai yadda ta gani. Dangin amarya suka gwada a garwashi, suka ji ƙauri kawai, suka ajiye kwalaben, suka tsallaka gidan Dorathy.

Ita Dorathy ba ta canja komai ba. Har yanzu sai itacen ya huce take zubawa.