Kwabon Inna a Jikin Injin Saƙa

Mun tashi daga Ringim da asuba, ni da mahaifina da wani ƙanensa da ya ce rakiya zai yi mana, ko da yake na san tsiren Kano ya biyo. Idon Baba ya yi rauni, sai ya dafa kafaɗata yake tafiya. Amma tun da labari ya iso cewa masaƙar da ya yi wa aiki a Bompai ta sayar wa 'yan gwangwan tsofaffin injinanta, ya hana kowa sakat. Akwai kwabonsa a jikin ɗaya daga ciki, kuma yana son abinsa kafin a narkar.

Kuɗin mota naira uku-uku. Baba ya ce wa direba, "Fam da sule goma? Makka za ka kai mu?" Shekara goma da ɗoriya da zuwan naira, kansa bai sauka daga kan fam ba. Kafin mu kai Gezawa ya karantar da duk motar: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, sai takardar fam mai zanen bishiyar kwakwa, wadda ya ce idan ta shiga aljihunka har tafiyarka sai ta sake. Wata tsohuwa a baya tana ta gyaɗa kai kamar ana kiran sunayen 'yan'uwanta da suka rasu.

Muna ta faɗawa ramukan wajen Jogana ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ranar da zai tafi neman aiki, tun Turawa na nan, Inna, mahaifiyata, ta zura kwabo mai huda a zare ta rataya masa, don kada ya kwana da yunwa a birni. Har ta karce bakinsa sau uku da wuƙa, wai kada ya ɓatar ya musanya mata da wani. Wata rana washa ta fashe a injinsa, ɗan ƙarfen nan mai huda da ake sa wa a ƙarƙashin noti. Fomen ɗinsu kuwa ba ya jin uzuri. Baba ya tsinke zaren, ya sa kwabon, ya ɗaure. Inji ya tashi, aikinsa ya tsira. Duk zuwansa gida Inna sai ta ce, "Ina kwabona?" Shi kuma ya ce, "Yana wurin aiki." Har ta rasu bara tana ɗauka zolaya ce.

Bompai ta ba ni tausayi. Rabin ƙofofin masana'antu a rufe, masu abincin bakin titi suna korar ƙuda. Mai gadin masaƙar ya gane Baba, ya rungume shi, sannan ya ce injinan sun tafi Sharada tun shekaranjiya. Muka ci shinkafa da wake na sule biyar a tsaye, ƙanen Baba yana ta mitar ba nama, muka hau tasi.

A Sharada mun tarar da fili guda cike da ƙarafa, ana ta sara da guduma. Mai wurin, wani Alhaji mai yawan dariya, ya ji buƙatarmu ya ce, "Malam, kwabo ɗaya ya taso ku daga Ringim? Bismilla, ku duba."

Nan hankalina ya tashi. Da muka sunkuya, ashe ba Baba kaɗai ya yi wannan dabarar ba. Kusan kowane inji akwai kwabo ko ɗari a ƙarƙashin noti, baƙi ƙirin da mai. Na ari sufana, ina kwancewa ina miƙa masa, yana shafawa yana ajiyewa. Wasu har yanzu ana ganin tauraron nan mai tsini shida da ɗan rubutun ajami, wasu sun suɗe sarai. Rana ta take, na gaji, na fara tunanin in ce masa kowanne ma kwabo ne. Sai na ga yatsansa ya tsaya a bakin wani, ya koma, ya sake komawa. Karce ukun nan na Inna ya ji. Hawaye kawai na gani a gemunsa. Ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Alhajin ya ƙi karɓar ko sisi. Ƙanen Baba ya samu tsirensa a tashar Yankaba, muka kama hanya.

Mun iso gida bayan la'asar. 'Yata, takwarar Inna, ta fito da gudu tana tambayar tsaraba. Baba ya lalubi hannunta ya danƙa mata. Ta juya shi ta ce, "Kaka, wannan ai ba ya sayen alewa." Gaskiyarta. A tafiyar nan na gane gwamnati tana iya kashe kuɗi a kasuwa, amma ba ta da iko da wanda aka ba mutum da hannun ƙauna. Baba dai ya rufe mata yatsu a kansa, ya kira ta da sunan da bai taɓa kiran Inna da shi a gabanmu ba, ya ce, "Ga kwabonki. Yau ya tashi daga aiki."