Wanzamin da Na Kawo Ya Shaidi Manjo

Na manta sunayen rabin yaran da na koyar, na manta shekarar da na fara sa tabarau, amma akwai wata la'asar guda a Kebbe da har in koma ga Mahaliccina ba za ta bar kaina ba. Ita ce ranar da na ɗauko tsohon wanzami a bayan babur ɗina, ba wanda ya aike ni, na kai shi gaban jama'a ya rushe mana yaƙin neman zaɓe.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata firamare a Tambuwal. Allah ya hore mini baki, don haka duk kakar siyasa ni ake miƙa wa lasifika. Ɗan takararmu na wannan shekara, ba sai na faɗi kujerar da yake nema ba, asalinsa ɗan wani ƙauye ne wajen Fakku. Ubansa falken shanu ne da ya kwashe iyalinsa zuwa Kurmi tun yana ƙarami. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai da ya dawo da tumbi da furfura da motoci uku, da kuma sabon suna, Manjo. Ya ce ya yi yaƙin basasa tun yana saurayi, ga lambobin yabo har biyar shaida. A kan babbar riga yake jera su, har wuyan rigar ya karkace gefe guda don nauyi.

Kada ku ga wautarmu da yawa. Lokacin ɓarayin shanu sun hana mutane sakat, wanda ya kwana da garke sai ya wayi gari da igiya. Duk wanda ya zo ya ce ya san bindiga, ko ƙarya yake, mutane za su so ya zama gaskiya. Ni kuwa aikina in ƙara gishiri. A taron Dogon Daji na ce Manjo ya ƙetare kogi da bindiga a ka. Kafin mu kai Sanyinna kogin ya ƙara faɗi, kuma akwai hafsa mai rauni goye a bayansa. Shi kansa Manjo in ina ba da labarin sai ya riƙa gyaɗa kai yana lumshe ido, kamar yana tunowa.

A tashar motar Tambuwal akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Kofur. Shi kam tsohon soja ne da ba a taɓa gardama a kansa ba. Yana ɗingishi da ƙafar hagu, yana da benci a gindin dogon yaro inda ya fi shekara talatin yana zama, direbobi in za su wuce sai sun sara masa. Abu ɗaya ne ba ya yi, ba ya ba da labarin yaƙi. In aka matsa masa sai ya ce a ba shi goro.

Ranar da muka kai Manjo ya gaisa da direbobi, Baba Kofur ya miƙe da ƙyar, ya ƙame, ya sara masa. Ni na san ba da wata manufa ya yi ba, murnar ganin ɗan'uwa ce kawai.

“Ranka shi daɗe, wace bataliya?” in ji shi.

Manjo ya ce sun yi yawo da yawa, ba bataliya ɗaya ba ce.

“To lambarka ta soja fa?”

Manjo ya gyara hula ya ce wannan sirrin gwamnati ne.

Dattijon ya sauke hannu a hankali. Ya matso ya ƙura wa ƙarafan nan ido, sannan ya ce, “Ni dai ban taɓa ganin sojan da yam mance lambatai ba. Kuma wagga ta tsakiya ba ta yaƙi ba ta. Wanda yad daɗe ga aiki ba a kama shi da laifi ba, shi aka ba ta.” Ya koma bencinsa ya zauna.

Kafin magariba gari ya rabu biyu. A mahauta ana gardama, a ƙofar masallaci ana gardama, mata ma a gidan suna ba su da wata hira. Masu goyon bayanmu suna cewa wane mahaukaci ne zai sayi ƙarfe ya rataya wa kansa? 'Yan adawa suna cewa a dubi tumbin nan da kyau, a faɗa musu ramin da ya taɓa shiga. Wani tela ya rantse cewa tafiyar Manjo tafiyar soja ce, wani mai faci ya ce tafiyar mai basir ce. Shekarun haihuwa kuwa ba wanda ya tsaya a kansu, don a wurinmu mutum yakan mallaki shekaru iri uku, na makaranta da na neman aiki da na neman aure.

Manjo ya kira ni ya ce, “Malam, ka kashe mini maganar tsohon nan.” Na ce an gama.

Abin da na yi a taro na gaba, har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Na hau kan mota na ce ai mun bincika, Kofur kuku ne a soja. Na ce ƙarar da ya sani ita ce ta albasa a cikin mai, ɗingishin nan kuwa tukunyar wake ce ta faɗo masa a ƙafa. Ban binciki komai ba, a tsaye na ƙirƙiro labarin. Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki, ni kuwa ina jin kaina a sama. Washegari 'yan acaɓa suka fara wucewa ta gaban bencinsa suna ihu, “Baba Kuku, mi anka dafa yau?” Direbobin da ke sara masa suka koma murmushi suna kau da kai. Ya jure kwana shida, a na bakwai bai fito ba, kuma bai sake fitowa ba. Na ga bencin nan ba kowa, raina ya ɗan sosu, sai Manjo ya aiko mini da shadda yadi goma, sosuwar ta lafa.

Amma gardama ba ta mutu ba, sai ma ƙaruwa. A nan ne dabara ta faɗo mini, irin dabarar da sai ɗan ƙasarmu zai yi ta. A wurinmu jarumtar namiji ranar kaciya ake fara auna ta. Wanda bai yi kuka ba, har ya yi jikoki ana faɗa, wanda ya yi raki kuwa sa'o'insa ba za su bar shi ya manta ba. Na ce a raina, in na samo wanzamin da ya yi wa Manjo kaciya ya shaida a bainar jama'a cewa tun yana yaro zuciyarsa dutse ce, wa zai ƙara tambayar wata bataliya?

Na hau babur na nufi ƙauyen su Manjo. Na yi sa'a Sarkin Aska, wanzamin ƙauyen, na nan da rai, tsoho tukuf, ido ya yi rauni amma kai garau. Na gaishe shi na kwatanta masa yaron.

“Ɗan falken shanu? Na gane shi sarai. Ubanai rago yab ba ni, mai ƙaho.”

“Baba, ya yi kuka?”

“Ko tari bai yi ba.”

Tambayar da na yi ke nan, ita kaɗai. Ni mai koyar da lissafi, ban tambayi yaushe ba. Kuma ban gaya wa Manjo ba, ban gaya wa kowa ba, don kada wani ya raba ladan da ni.

Ranar babban taron Kebbe fili ya cika maƙil. An zo daga Fakku, an zo daga ƙauyukan gefen daji, wasu a kan amalanke. Manjo na zaune a tsakiyar rumfa, an goge lambobin nan suna ƙyalli. Na gama ƙetarar da shi kogi, sannan na ce yau na zo da shaidar da ba a saye. Na riƙo hannun Sarkin Aska muka fito. Na lura fuskar Manjo ta canza, ya ɗan ɗago daga kujera kamar zai yi magana, amma na ɗauka daɗi ne ya kama shi.

Abin da na manta shi ne, tsofaffinmu ba sa fara labari daga tsakiya. Sai sun kafa shekara tukuna, kuma ba da lamba suke kafa ta ba, da abin da ya faru a cikinta. Tsoho ya karɓi lasifika ya yi bisimilla ya yi salati, ya ce:

“Yaron ga ni niy yi mai kaciya da hannuna. Ba ni mancewa, shekarar da anka ƙare yaƙi ta, sanyin da yab biyo baya. Su fuɗu na. Sa'an nan Kofur ya zaka gida hutu da kayan soja, Kofur wanga na Tambuwal da nij ji yara na ce ma Kuku. Ƙafatai ma ba ta ida warkewa ba, harsashi na ciki. Uban yaron ga yac ce ba mai riƙa mai ɗa sai soja, don shi ɗauki zuciya. Kofur yaz zauna bisa turmi yar riƙe shi.”

Ban taɓa jin taron siyasa ya yi tsit irin na wannan lokaci ba. Kana ganin leɓunan mutane na motsi, kowa na lissafi, har waɗanda suka gudu daga ajina. Can baya wani ya ɗaga murya, “Sarki, shekara nawa gare shi sa'an nan?”

“Haƙoran gaba ba su ida fitowa ba. Ka ce bakwai.”

Na kai hannu zan karɓe lasifika, amma hannun wanzami ko ya tsufa ba a ƙwace masa abu. “Bari in ida, ɗana, ai kai kac ce in faɗi gaskiya,” in ji shi. “Kuka kam bai yi ba, aradu. Tun da yag ga aska yas some. Kofur yat tallabe shi shina yi mai fifita da hulatai har yaf farka.”

Dariyar da ta tashi ban san yadda zan kwatanta ta ba. Maroƙinmu da ake biya don ya yi kirari ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Manjo ya miƙe ya nufi mota, ƙarafan nan na ƙara a ƙirjinsa, kafin direba ya juya na hango shi yana ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. Wani na hannun damansa ya tsaya yana ƙoƙarin gyara, yana cewa to ko bai je yaƙi ba, ai soja ya taɓa riƙe shi. Ni kuwa aka bar ni da tsoho in mayar da shi gida. Muna tafe a kan babur ya taɓa kafaɗata ya ce, “Na dai yi daidai ko?” Na ce ka yi daidai, Baba.

Cikin kwana uku aka sauke fostocin Manjo, aka liƙa wasu sababbi ba lamba ko ɗaya. Daga baya aka ce a wata kasuwar gwanjo ta Kurmi ya sayo lambobin. Ya faɗi zaɓen. Bayan shekara huɗu ya sake fitowa a wata jam'iyya a matsayin babban manomi, yana riƙe da fartanya a hoto, ya kuma ci. Mu mutane ne masu yafiya.

Washegarin taron na tafi gidan Baba Kofur. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa na ce ƙarya na yi masa, ya yafe mini. Ya ajiye igiyar ya ce:

“Malam, ba duka ba ta ƙarya. Da anka harbe ni, wata shida niy yi ina dafa ma yara abinci kafin in koma. Cikin yaƙin ga duka, wata shidan nan kaɗai nika iya tunawa in yi kwana lafiya. Sauran, da ana saye da na ba Manjo kyauta. Na yafe ma. Tashi.”

Na tashi ina ganin magana ta ƙare. Na ma hau lasifika sau biyu na janye abin da na faɗa, amma ba wanda ya yi dariya, don haka ba wanda ya riƙe. Dattijon ya koma bencinsa, sai dai sunan ya riga ya zauna. Ba da izgili ake faɗinsa ba kuma, ya zama suna kawai, har yaran da aka haifa daga baya ba su san yana da wani ba. Ranar da ya rasu ina aji, na ji mai shela na zagayawa yana cewa Allah ya yi wa Baba Kuku rasuwa, jana'iza bayan azahar. Na ajiye alli na fita bayan aji na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Ƙaryar Manjo, da motocinsa da kuɗinsa, la'asar guda ta ishe ta mutuwa. Tawa, da na yi a tsaye don a yi dariya, ita ta raka bawan Allah har kabari. Abin da na koya ke nan: ƙaryar da ka yi don ka ɗaga wani, gaskiya na iya sauke ta, amma wadda ka yi don ka ƙasƙantar da mutum, ko kai da ka yi ta ba ka isa ka janye ta ba. Tun daga ranar jana'izar nan ban sake karɓar lasifikar kowa ba.