Kunyar Ɗan Fari

Da na haifi ɗana na fari, gidanmu na Sunkani aka kai ni wankan jego, mijina ya zauna a unguwar Turaki a Jalingo yana ta aiko da kaji. A gidanmu uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, balle ta yi masa wasa. Ni ma 'yar fari ce, har yau "ke" Innata take ce mini. Don haka Goggo, ƙanwar babana, ita ta ɗauki nauyin wanka da kunun kanwa da yaron.

Ai kuwa na yi suna. Yaro zai yi kuka har ya shiɗe ina kallon bango, sai Goggo ta ɗora mini shi a cinya. Masu zuwa barka suna ta yabo: "Kai, yarinyar nan akwai semteende!" Wato kunya irin ta Fulani. Goggo har wani kumbura take.

Gaskiyar magana, ba kunya nake ji ba, ba na jin komai ne. In ɗaki ya watse sai in tsura masa ido, in nemi son nan da ake faɗa, in rasa. Gasasshen nama ya koma mini kamar tsumma a baki. Barci ya ƙaurace mini. Na yanke wa kaina hukunci cewa ni muguwar uwa ce, da zan mutu da yaron ya huta. To wa zan gaya wa, alhali duk wanda ya shigo yabona yake?

Bayan arba'in Goggo ta rako ni Jalingo, abin kuma ya biyo ni. Ranar allurar rigakafi muka tarar da wata nas 'yar ƙabilar Mumuye, mai jiki, marar wasa. Ta caka wa yaro allura ya tsala ihu, ni ko gezau.

"Ɗan fari ne, kunya take ji," in ji Goggo.

"Na sani, Mama. Je ki jijjiga shi a waje."

Ta turo ƙofa, ta ja kujera kusa da ni. Hausarta irin tamu ta Jalingo ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Masu kunya suna zuwa nan kullum," ta ce. "In allura ya shiga suna juya fuska, amma jikinsu yana zabura. Naka bai motsa ba. Kana barci?"

Na girgiza kai. Ta tambayi abinci, ta tambayi ko akwai abin da yake faranta mini rai, da kuma ko abin ya wuce sati biyu. Sannan ta dube ni ido cikin ido.

"Ka taɓa tunanin gara ka mutu?"

Kukan da na yi a ɗakin nan, ko a naƙuda ban yi irinsa ba.

"Ciwon damuwa ne, yana kama masu jego," ta ce. "In ya wuce sati biyu, haƙuri ba ya maganinsa. In tunanin mutuwa ya shigo, ranar ake ganin likita. Tashi."

Da kanta ta kai ni. Goggo ta yi ta mita wai za a ce jinin gidanmu da taɓin hankali. Ni na gaya wa mijina da bakina, shi kuwa ya ce tunda ciwo ne ai sai magani. Na sha maganin, wanda likita ya ce bai hana shayarwa, na kuma riƙa komawa muna tattaunawa. Sauƙin bai zo da gaggawa ba. Abinci ya fara dawowa, barci ya biyo baya. Wata safiya ina yi wa yaron wanka ya yi atishawa, ya zaro ido kamar wani ne ya tsorata shi, sai na ji kaina ina dariya.

Da babbar Sallah muka je Sunkani, tsakar gida cike da dangi. Yaro ya fara rarrafe, sai na hango shi ya nufi murhu. Ban san lokacin da na ƙwala masa kira da sunansa ba. Na sure shi, na rungume, na bi fuskarsa da sumba, zuciyata kamar ta fito don sonsa.

Goggo ta rafka salati.

"Asibiti sun cinye miki kunya!"

Innata tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ƙyale ta," ta ce.

Na ce, "Goggo, a yi mini haƙuri." Amma ban sauke shi ba.