Hammajoda da Ramammiyar Waya

Shekara talatin Hammajoda yana dillancin shanu a Bukuru, kuma har ya bar kasuwa ya zauna a gidansa na Gada Biyu bai yarda akwai abin kirki marar ƙiba ba. Da wannan idon yake duban surukai, da shi yake duban wayar lantarki.

Ba za a ce ba ya kula ba. Duk Asabar sai ya zagaya gidan, ya shafa soket, ya sunsuna shi, ya bubbuga mita kamar gadon bayan bijimi. Mu maƙwabta har koyi muke da shi.

Damuwarsa ɗaya ce, fiyus. Da sanyin Jos ya kama, a jona hita da dutsen guga da butar shayi a soket ɗaya, sai wuta ta ɗauke. Ya kira Chibueze mai gyaran wuta, ya ga siririyar wayar da yake sakawa a fiyus ɗin, ransa ya ɓaci.

"Wannan ramammiyar za ka sa mini?"

"Oga, haka aikinsa yake," in ji Chibueze. "In kaya ya yi yawa, shi zai ƙone, gida ya tsira. Ka rage kaya a soket ɗin nan, ya fara baƙi."

Hammajoda ya sallame shi. Ya samo jan ƙarfe mai kaurin yatsa, ya cusa a gurbin siririyar wayar da hannunsa. Wata biyu wuta ba ta ɗauke ba, ba wanda bai ji labari ba a masallaci.

Soket ɗin kuwa yana ɗakin da matarsa Asta ta shekara huɗu tana tara wa 'yarsu Murjanatu kayan aure. Saura kwana tara biki, da hantsi, hayaƙi ya turnuƙe. Muka fasa taga, muka yi ta watsa yashi. Ba wanda ya ji rauni, amma katifa da labule da akwatuna sun zama toka. Kukan Murjanatu har yau yana sosa mini rai.

Hammajoda ya je ya ciro jan ƙarfensa, ya juya shi, ya ce a hankali, "Ko ɗumi bai yi ba fa."

Asta ta dube shi. "To madalla, Malam. Sai ka kai mata ɗakinta ta kwanta a kai."